Gashin da Ya Dawo Kan Malam

Ranar da aka kawo ni gidan nan na Ƙofar Gayan, Malam yana da suma. In na faɗa wa 'ya'yana haka sai su yi murmushin ladabi, jikoki kuwa su fashe da dariya, don ba wanda ya taɓa ganin komai a kan kakansu ban da ƙyalli. Hotunansa na samartaka duk da hula ya ɗauke su. Amma ni na gani da idona. Baƙa ce wuluk, mai cika, mai laushi, in ya yi mako biyu bai yi aski ba sai hula ta ƙi zama, ta riƙa ɗagawa kamar murfin tukunya.

Malam mijina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Shi kuwa Malama yake ce mini, saboda na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in ajiye aiki. Ya yi aikin gwamnati a ofishin ilimi, amma abin da unguwa ta san shi da shi shi ne limancin ƙaramin masallacin da ke jikin zaurenmu, wanda ya gada daga mahaifinsa.

Ni ke ɗinka masa hula. Wurin wata gwaggona na koya a Ƙofar Kuyambana, kuma tun shekararmu ta farko bai sake sa hular kasuwa ba. Don haka na san kansa fiye da yadda shi ya san shi. A cikin hula na fara ganin abin. In na juya ta zan wanke, sai in tarar da silin gashi maƙale a zaren ciki. Ina goyon ɗanmu na biyu a lokacin. Goshi ya fara ja da baya ta gefe biyu, sannan tsakiyar kai ta buɗe, ɗan fili kamar kwabo, ya yi ta faɗi har ya haɗe da goshin. Kafin ya cika arba'in sanƙo ya gama aikinsa, ya bar masa ɗan zagaye daga kunne zuwa kunne ta ƙeya. Na rage awon hularsa da faɗin yatsa guda. Bai taɓa damuwa ba. Mahaifinsa haka yake, baffanninsa ma haka. In yana alwala ya zo shafar kai, yakan ce shi kam an sauwaƙe masa, ruwa ba shi da inda zai maƙale.

Haka muka yi shekara talatin da wani abu, har na manta cewa da ba haka kan yake ba.

Ɗaya abin kuwa ba zan iya cewa ga ranar da ya fara ba. A hankali ya shigo, ta ƙananan abubuwa. Malam mutum ne mai son shayi bayan la'asar, da na'a-na'a a ciki, sai na ga ya fara barin kofin a cike. Furar rana ma sai ya kurɓa sau biyu ya ture. In ya ɗauki buta ya kewaya, sai in zauna da ɗinkina ina jira, in yi layi guda, in yi na biyu, bai fito ba. Ya fito kuma ba da daɗewa ba sai ya sake komawa. Barcinsa ya zama guntu-guntu, saboda haka da rana sai in leƙa zaure in same shi yana gyangyaɗi, littafi a kife a ƙirjinsa. An yi ɗaurin auren jikar yayarsa a Kano, ya ce ba zai iya zaman mota ba, ya tura ɗanmu na fari ya wakilce shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wanki. Mutumin da bai taɓa wanke ko hankici ba, sai ga shi yana wanke wandonsa da kansa, ya je bayan ɗaki ya shanya inda ba mai gani.

Na ce masa, “Malam, lafiya kuwa?”

Ya ce, “Lafiya lau, Malama. Tsufa ne.”

Na koma kan ɗinkina. Mutane na zaton in mace ta yi shekara arba'in da miji babu sauran kunya tsakaninsu. Akwai. Wata kunyar ma da shekaru take ƙara kauri.

Wata rana da azahar ina tsakar gida na ji an tada salla. Katangarmu ɗaya da masallacin, duk kabbara nakan ji. Wannan ba muryar Malam ba ce, ta na'ibinsa ce. Na ɗauka fita ya yi. Amma da aka sallame sai ga shi ya shigo da carbi a hannu. La'asar haka, magariba haka. Daga baya na ji cewa sahun baya yake tsayawa, kusa da ƙofa. Unguwa ta fara magana. Wasu suka ce saɓani ne da na'ibin, wasu suka ce muryarsa ce ta gaji. Mata in sun shigo gaisuwa sai su yi ta kewaye-kewaye suna jiran in ba su amsa, ni kuwa ban da ita.

Lokacin bazara ne. Bayan katangarmu, bakin kududdufi, akwai wani tsohon rimi da ya girmi duk wanda ke unguwar. In zafi ya kai, 'ya'yansa kan fashe, auduga ta tashi ta cika sama, ta riƙa sauka tsakar gida a hankali kamar ba ta son taɓa ƙasa. Wani yammaci na same shi zaune kan tabarma a inuwar ɗakinsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Audugar na sauka a kafaɗarsa, wata ta sauka a tsakiyar kansa ta zauna, bai ko ji ba. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da shi.

Na ce, “Malam, tun ina amarya nake bin sallarka ta katangar nan. Yau kwana goma sha ɗaya ban ji muryarka ba. In laifi aka yi maka, gaya mini. In ni ce, gaya mini.”

Ya daɗe yana juya hular a hannunsa, yana bin ɗinkin da ɗan yatsa kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Malama, alwalata ce ba ta riƙewa.”

Na ƙara matso da kujerata kusa da shi.

Ya ce, “In na kewaya sai in yi ta jira kafin ya zo. In ya zo, siriri. In na gama, sai in ji ban gama ba. Na tashi, na yi tsarki, na ɗaura alwala, ina cikin ruku'u sai ɗigo ya biyo. Sallata ni kaɗai na san hukuncinta, Allah bai ƙuntata wa mai lalura ba. Amma in tsaya gaban mutane masu lafiya in ja su, zuciyata ba ta kwanta ba.”

Na ce, “To mu je asibiti.”

Sai a lokacin ya dube ni. “In je in kwance wando gaban yaron da na yi jika da shi?”

“Likita ai ba yaro ba ne in yana kan kujerarsa.”

“Bari dai in gwada na gida tukuna.”

Na gida shi ne wanzaminsa. Sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo, kuma duk safiyar Juma'a yakan zo da zabirarsa ya yi masa aski a zaure. Shi Allah ya bar masa gashinsa, fari fat kamar an barbaɗa gari, ko sili bai zube ba, har Malam kan tsokane shi ya ce ya tattara na mutane ne ya dasa. Ya kawo sassaƙe da wasu saiwoyi, ya ce sanyi ne, a jiƙa a riƙa sha. Na jiƙa a tukunyar ƙasa. Malam ya sha har wata ya juya. Ɗaci dai ya sha, ban ga wani abu ban da wannan ba.

Ranar da abin ya tsaya cak, da hantsi na gane. Ina tankaɗe na ga ya fito daga bayi yana dafa bango, ya koma, ya sake fitowa. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya kasa zama, ya kasa tsayawa, sai zagaya tsakar gida yake yi a sunkuye yana salati ƙasa-ƙasa. Na ajiye rariya na je na taɓa mararsa ta saman riga. Ta yi tauri kamar ƙwarya.

“Tun yaushe?”

“Tun jiya da isha'i ko ɗigo.”

Ban nemi izininsa ba na kira ɗanmu na fari a waya. A Ƙofar Doka yake zaune da iyalinsa, nan da nan ya iso da mota. Motar ba ta shiga lungunmu, sai da muka riƙe Malam ta gefe biyu har bakin hanya. Duk ramin da taya ta faɗa sai in ji ya damƙe hannuna. Muna fita ƙofar gari na lura ba hula a kansa. A gida muka baro ta. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya fita daga gida kai ba hula ba.

A asibiti aka shiga da shi bayan labule aka sa masa robar fitsari. Ina waje na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Kafin a gama rubuce-rubuce barci ya kwashe shi. Na zauna bakin gadon ina kallon kansa a kan farin matashi. Fanka na juyawa a sama, hasken taga na zuwa yana wucewa a kan sanƙon kamar ruwa. Na ga 'yar tabon da ya samu yana yaro da ya faɗo daga bishiyar goba, wadda sai bayan gashi ya zube na san da ita. Na ga jijiya guda tana bugawa a gefen goshi. Ban san tsawon zaman da na yi a haka ba. Na ja gefen mayafina na rufa masa kan, kada masu wucewa su riƙa kallo.

Aka ɗibi jini, aka yi hoto, muka yi kwanaki muna jiran sakamako. Ranar da muka koma, ni da shi da ɗanmu, likitan da muka samu bai wuce sa'an ɗan namu ba. Ya gaishe da Malam da hannu biyu. Abin da ya fara faɗa shi ne ba su ga alamar ciwon daji ba. Sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Sannan ya jawo takarda ya zana. Ya ce a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan nama da bai fi goro girma ba, su furostet suke ce masa, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In mutum ya manyanta sai naman ya riƙa girma, ya matse hanyar, kamar a taka tiyo da ƙafa.

Malam ya cire hula yana share gumi. Likitan ya dubi kansa ya ce, “Baba, in ba za ka damu ba, yaushe gashin nan ya fara zubewa?”

Malam ya yi mamaki. “Wannan kuma sai ka tambayi Malama, ita ke da labarin.”

Na ce, “Bai kai talatin ba ya fara.”

Likitan ya gyaɗa kai. Ya ce akwai wani sinadari a jinin maza, shi ke sa gemu ya fito, shi ke buɗe murya. Shi ne kuma, ga wanda ya gada, yake cinye saiwar gashin kai a hankali, kuma shi dai ne ke ciyar da naman nan har ya yi ta girma. Ya ce, “Ba wai duk mai sanƙo sai ya yi wannan ciwon ba, Baba. Akwai masu suma ma da ke fama da shi. Amma tushensu na haɗuwa wuri guda.”

Malam ya duƙufa yana nazarin zanen kamar mai duba hashiyar littafi. Can ya ce, “Wato wanda ya gama da sama shi ne ya gangaro ƙasa.”

Likitan ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Ni kuwa ta wutsiyar ido na ga ɗanmu ya cusa yatsu ƙarƙashin hularsa yana shafa goshi.

Magani kala biyu ya rubuta. Ɗaya na sassauta hanyar ne, yana aiki da wuri, amma a riƙa tashi tsaye a hankali saboda jiri. Ɗayan shi ke rage ƙarfin sinadarin don naman ya motse, shi kuwa sai an yi watanni ana sha. Ya ja mini kunne kada mace mai ciki ta taɓa ƙwayar in ta fashe. Sannan ya roƙi ni da ɗanmu mu ɗan ba su wuri. Na san irin maganar da ake korar mace da ɗa kafin a yi, ban kuma tambaya ba. Da muka dawo ciki, likitan na miƙa takardar ya ce, “Baba, kada ka yi mamaki in nan gaba ka ga gashi ya ɗan leƙo. Maganin nan yakan yi haka ga wasu.”

Malam ya mayar da hularsa ya ce, “Likita, gonar nan ta fi shekara talatin ba a noma ta ba.”

Da robar muka dawo gida, aka ce sai bayan kwanaki za a cire. Jakar da ke haɗe da ita ta dame shi ƙwarai, ya ƙi fita ko zaure. Na nemi ragowar shadda na ɗinka mata ɗan aljihu mai igiya, ya riƙa ratayawa ƙarƙashin babbar riga, ba mai ganewa. Har da ɗan ado na yi wa bakin aljihun, hannuna ne ya saba. Da ya gani ya ce, “Malama, har wannan ma sai an yi masa kwalliya?” Rabon da in ji dariyarsa an daɗe.

Aka cire robar. Damina ta sauka, kududdufi ya cika, kwaɗi suka dawo. Ƙwayoyin na sa su cikin gwangwani na ɗora can saman kanta, domin matar ɗanmu na da ciki a shekarar kuma tana yawan zuwa. Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Na dai lura kofin shayi ya fara dawowa babu komai a ciki, wanduna suka dawo cikin kayan wanki na kowa. Wata azahar ana yayyafi ina kwashe shanya, sai na ji kabbara ta katanga da muryar da na sani. Na tsaya da zannuwa a hannu har ruwa ya jiƙa su.

A cikin waɗannan watannin ne ya kira ɗanmu zaure suka daɗe su biyu. Ban ji abin da suka ce ba. Da yaron zai tafi ya leƙo ya ce, “Inna, Baba ya ce in na kai hamsin in je a duba ni ko ban ji komai ba. Ya ce kada in yi irin tasa.” Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Bayan kaka na ce zan yi wa Malam sabuwar hula. Awonsa na kaina, amma nakan so in sake zagayawa da zare duk sanda zan fara sabuwa. Da safe ne, rana ta ɗago ta kan katanga. Ya zauna kan kujera a tsakar gida ya ba gabas baya, ni ina tsaye a kansa da zare. Sai na ga wani abu kamar hayaƙi-hayaƙi a tsakiyar kan. Na ɗauka zaren auduga ne ya faɗa, na hura. Bai tashi ba, sai ya kwanta ya sake miƙewa. Na sa bayan yatsana na shafa.

Gashi ne. Fari, siriri, mai laushi, irin na jikin ɗanyar kuɓewa. In ba rana ta haska ta gefe ba, ba za ka gan shi ba.

Malam ya ce, “Awon ne har yanzu?”

Na ce, “Kawo hannunka.”

Na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ya shafa gaba, ya shafa baya. Ya tsaya. Ya sake shafawa.

“Malama, ɗauko madubi.”

Sai da na haɗa biyu, nawa na ɗaki da ƙarami na jaka, ɗaya a gaba ɗaya a baya, muka yi ta karkatawa kafin ya gani. Ya yi dariya har da hawaye, yana cewa ikon Allah, ikon Allah. Daga nan kuma ya mayar da hannunsa kan wurin.

Ni ban yi dariya ba. Ina tsaye da madubi a hannu, amma ba a tsakar gidan nake ba. Daminarmu ta farko nake gani. Yana da keke a lokacin, da shi yake zuwa ofis. Wata rana hadari ya taso yana hanyar dawowa, iska ta fizge hular da na fara ɗinka masa ta jefa cikin ruwa wajen ganuwa. Ya shigo gida yana tura keken, kai ba hula, suma ta jiƙe ta kwanta a goshi, ruwa na ɗiga ta kan hancinsa, yana ta ba ni haƙuri a kan hular. Ni kuwa ina 'yar shekara goma sha tara, kunya ta hana ni ɗaga ido sosai, na miƙa masa zane ya goge kan. Na daɗe ban tuna ranar ba. Ashe tana nan, har da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarar sarƙar keken.

Na ce, “Malam, alfarma nake nema.”

“Ina ji.”

“In wanzami ya zo Juma'a, ya yi gefen kamar kullum. Tsakiyar ya bar mini.”

“Haba Malama. In tara suma da tsufana?”

“Ai ba ta zama suma ba tukuna. Kuma ƙarƙashin hula take, wa zai gani?”

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar Juma'a na laɓe bayan ƙofar zaure, abin da ban taɓa yi ba. Na ji wanzami yana wasa aska a tafin hannu, na ji ya jiƙa kan da ruwa. Sai komai ya tsaya.

“Malam, me ka shafa a nan?”

“Ban shafa komai ba. Haɗiya na yi.”

“Kai! Shekara talatin ina zagaye filin nan da aska.”

“To yau ma zagaye shi. An yi mini iyaka daga cikin gida.”

Suka yi dariya. Malam ya kwashe bayanin likita ya gaya masa, har da goro da tiyo. Wanzami ya ce shi ma ya daɗe da lura, da yawa cikin dattawan da ke jawo shi gefe bayan aski su nemi maganin fitsari masu sanƙo ne, amma bai taɓa haɗa biyun ba. Aska ta ci gaba da tafiya, ƙyas, ƙyas. Can sai na ji muryarsa ta yi ƙasa.

“Malam, da can, kafin maganin, sau nawa kake tashi kafin asuba?”

“Biyar, wata rana shida.”

Na ji askar ta tsaya.

Malam ya ce, “Kai fa?”

“Ni ai ina da gashina.”

“Ba gashi na tambaye ka ba.”

Wanzami ya ce, “Na daina zuwa aski unguwanni masu nisa. Ba na kaiwa.”

Na janye daga bayan ƙofar, don maganar ta wuce ta kunnena.

Ranar Litinin da safe Malam ya sa babbar riga ya ce zai raka abokinsa. Na leƙa ta zaure na ga su biyu suna tafiya bakin hanya neman keke mai ƙafa uku, wanzami a gaba yana jan ƙafa kamar wanda za a kai makaranta ranar farko, Malam a baya yana ta yi masa bayani da hannu. Ciwon wanzami ya riga ya yi nisa, ƙwaya ba ta isa ba, sai da aka yi masa aiki. Ya tashi lafiya, amma aka hana shi yawo na wani lokaci.

Gashin Malam kuwa bai taɓa zama suma ba, kada in yi ƙari. Goshin bai dawo ba ko kaɗan. Tsakiyar ce kawai ta yi ɗan rufi, shara-shara, ana hango fata ta ciki. Amma ya yi tsawo har yana kwanciya, kuma da wanzami ba ya zuwa, na gefen ma ya taru ya sauko kan kunne. Malam ya ƙi kiran wani. Ya ce kan nan hannu ɗaya ya sani, zai jira.

Juma'a ta uku ya fito da kujera tsakar gida da safe, ya yafa tsohon zane a kafaɗa, ya ce, “Malama, kin ga abin naki ya isa. Hula ta fara zamewa. Ɗauko almakashinki.”

Na ce, “Ban taɓa yi ba.”

“Kin yanka shadda mai tsada ba ki ɓata ba.”

Na ɗauko ƙaramin almakashin da nake datse zare. Na fara da gefen kunne, na bi ƙeya, na bar tsakiyar sai ƙarshe. Da na zo wurin na daɗe ina riƙe da silin tsakanin yatsu biyu kafin in datse. Shi ya lumshe ido, rana na dukan wuyansa, kurciya na kuka kan katanga. Ina tsammanin har barci ya ɗan ɗauke shi, don kansa ya karkato ya jingina da cikina, na tsaya a haka ban motsa ba sai da ya farka da kansa.

Na kakkaɓe zanen a kan faifai na tattara. Na tsakiyar na ware shi dabam, bai cika tafin hannuna ba, iska kaɗan ma za ta iya ɗauke shi. Na rufe da ɗaya hannun na je gindin lemon da ke kusurwar gida, na tona ɗan rami da tsinke na binne, na zuba ruwa a kai. Malam na can yana duba ƙeyarsa a madubi, yana cewa gefen hagu ya fi na dama tsawo.